Keke uku cikin mako bakwai: nazarin lamarin wata malamar firamare

Shimfiɗa

Matar da wannan nazari kan zaɓen keken guragu ya shafa malamar aji huɗu ce a wata firamaren gwamnati, a wani gari mai tafiyar kamar awa ɗaya daga Kano. Shekarunta 34 lokacin da hatsarin mota ya karya mata ƙashin baya. Tana da miji da 'ya'ya uku, autansu bai cika shekara uku ba. Ni ma'aikaciya ce a sashen gashin ƙashi na asibitin da aka turo ta daga baya. Abin da ke nan na tattaro shi ne daga katinta na asibiti, da littafin da ta riƙa cikewa da hannunta, da ziyara shida da na kai gidanta. Ana ƙirga watanni daga ranar hatsarin.

Sai an san gidan kafin a fahimci sauran labarin. Ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti. Ƙofofin zauren biyu ba sa kallon juna, kamar yadda aka saba don kada na waje ya hango cikin gida, saboda haka duk mai shiga sai ya yi kwana a cikin wuri mai faɗin santimita 130. Tsakar gida turɓaya ce. Faɗin ƙofar ɗakinta santimita 72, da dokin ƙofa mai tsayin santimita 12. Ƙofar banɗaki santimita 58, masai kuma na tsuguno ne. Daga gida zuwa makaranta mita 600: kashi ɗaya cikin uku lungu ne mai yashi da kwata guda ta ratsa shi, sauran titin kwalta ne.

Wata na 1 zuwa na 3: asibiti

A watan Satumba motar hayar da ta ɗauko su daga biki ta ƙwace wa direba ta wuntsila. Ƙashin bayanta ya karye a gaɓar da likitoci ke kira T12, daidai inda haƙarƙari ya ƙare, laka kuma ta taɓu gaba ɗaya. Hannuwa da kafaɗu lafiya lau. Daga mara zuwa ƙasa babu motsi, babu ji. Ta yi mako 11 a kwance, aka koya mata amfani da robar fitsari, aka sallame ta. A takardar sallama akwai layi ɗaya da ya ce tana buƙatar keken guragu. Ba a faɗi wane iri ba, ba wanda ya auna ta.

Wata na 4 da na 5: keken rabo

Cikin sanyin Disamba wani ɗan siyasa ya yi rabon tallafi ga masu buƙata ta musamman, maigidanta ya yi ta zarya har ya samo mata keke. Irin wanda ake tura marar lafiya a barandar asibiti ne: ƙarfe mai sheƙi, mazauni da majingina na leda, tayoyi na roba zalla, na gaba sirara.

Faɗin mazaunin santimita 46. Faɗin ƙugunta, da na auna daga baya, santimita 37. Ratar da ta rage ta sa take karkata zuwa hagu, nauyinta ya taru a kan ƙashin zama guda. Ledar ta lotsa cikin mako biyu, sai aka ɗora mata filo. Sirarun tayoyin gaba na shiga yashi su kafe kamar an dasa su. Cikin mako shida sau huɗu kacal ta fita daga gidan, kowane fita sai da mutum biyu suka ɗaga ta da keken suka tsallakar da ita kwata.

A mako na bakwai ƙanwarta, wadda ke taimaka mata wanka, ta lura da wani wuri da ya yi duhu a ɗuwawun hagu, da ɗan zafi in an taɓa. Ba wanda ya ɗauke shi komai, ita kuwa ba ta jin ciwo a wurin balle ta yi ƙorafi. Hotunan littattafan koyarwa ja suke nuna farkon gyambon zama, wato gyambon da dogon zama a kan wuri ɗaya ke jawowa, amma a baƙar fata ba ja yake fitowa ba. Duhu yake ƙarawa, wani lokaci da sheƙi ko tauri. Bayan kwana goma wurin ya fashe. Da aka kawo ta wurinmu, gyambon santimita 3 ne a tsaye, 2 a kwance.

Wata na 6 zuwa na 8: rub-da-ciki, da keken lantarki

Maganin irin wannan gyambo, ban da wanki da abinci mai gina jiki, shi ne kada a zauna a kansa ko kaɗan. Ta yi mako tara tana kwanciya rub-da-ciki ko a gefe, ana juya ta. Zangon karatu na biyu ya wuce ba ita.

A cikin wannan kwanciyar ne babban yayanta, ɗan kasuwa a Legas, ya ga bidiyon wani keken lantarki a waya, ana nuna shi yana hawa gangara a wani babban kanti mai daɓen tayil. Ya kira ta ya ce, "Ƙanwata, kin daina wahalar da hannunki. Maɓalli kawai za ki danna." Ta ce, "Allah Ya saka da alheri, Yaya." Kuɗin da ya biya ya haura albashinta na wata takwas.

Ranar da aka sauke keken maƙwabta sun cika gidan. Yara suka yi ta shewa da ta zagaya tsakar gida sau biyu. Abin da ya biyo baya, a taƙaice: nauyinsa kilo 44 ne ba tare da ita ba, don haka ba mai a-daidaita-sahun da ya yarda ya ɗora shi. Dokin ƙofar ɗakinta ya fi ƙarfinsa. A yashin lungu tayoyin suna juyawa a wuri ɗaya har injin ya yi zafi ya ɗauke. Batirinsa guda biyu suna son cajin kamar awa takwas a jere, wuta kuwa a unguwar ba ta cika awa huɗu a dare, ita ma sai ta ga dama; irin wannan batiri mai dalma in ana barinsa ba cikakken caji, ƙarfinsa raguwa yake yi da wuri. A mako na biyar wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona cajar. Mai sayarwa ya ce kaya in sun fita sun fita. Jimillar hawan da ta yi masa tara ne.

Akwai abin da katin asibiti ba zai nuna ba. Wata guda cur tana ce wa yayan nata a waya keke na nan lafiya. Ta gaya mini cewa ta rasa bakin da za ta faɗa wa wanda ya kashe wannan kuɗi cewa an lulluɓe kyautarsa da tsohon zani a kusurwar ɗaki.

Wata na 9: awo da yarjejeniya

A watan Mayu ta zo a duba tabon gyambon, ya rufe. Maigidan ya riga ya yi magana da wani mai walda zai ƙera mata keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda waɗanda shan-inna ya taɓa suke hawa, su ma da yawansu suke ƙerawa a Kano. Saura ya kai kafin alƙalami. Na roƙe shi ya riƙe kuɗinsa tukuna.

Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 kan samar da keken guragu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ta jera matakai takwas, daga turo mutum da auna shi, zuwa zaɓi, daidaita keken a jikinsa, horar da shi, da bibiya. A kekuna biyun farko, mataki ɗaya kawai aka taka, wato samo keken. Mun koma farko. Na auna ta a zaune a kan benci mai tauri: faɗin ƙugu 37, daga baya zuwa bayan gwiwa 45, daga bayan gwiwa zuwa diddige 40. Sannan na bi su gida da tef, na auna ƙofofin da aka ambata a sama, na taka hanyar makaranta da ƙafata.

Na tambaye ta, "Malama, in keken nan zai yi miki abu uku kawai, waɗanne kike so?" Ba ta yi dogon tunani ba: ta koma aji, ta shiga banɗaki ba tare da an kira kowa ba, ta yi wa autanta wanka da kanta. Waɗannan ukun muka rubuta a shafin farko na littafin gwaji.

Sauran aiki shi ne samo abin da za a gwada. A Amurka wannan ba abin wahala ba ne: tun dokar 1988 gwamnatin tarayya ke ba jihohi kuɗi don harkar kayan taimakon naƙasassu, wata doka ta 2004 kuma ta karkata kuɗin ga ayyuka irin su nuna wa mutum kaya ya taɓa ya gwada, da ba shi aro na ɗan lokaci ya tafi da shi gida kafin ya yanke shawarar saye. Mu ba mu da irin wannan ɗakin aro. Abin da muke da shi sanayya ce. Akwai keke mai ƙafa uku, samfurin da ƙungiyar Motivation ta Ingila ta tsara don hanya marar kyau, wanda wata ƙungiyar agaji ta bari a sashenmu bayan wani horo. Mai waldar ya yarda ya ba da nasa na talla. Wata baiwar Allah da ta shekara 11 a kan keke, ina kiranta Anti, ta ba da kekenta na ko-ta-kwana: mai ƙafa huɗu, mai naɗewa, dogon gindi, da faffaɗan tayoyin gaba, samfurin RoughRider na ƙungiyar Whirlwind da aka tsara a San Francisco.

Aka rubuta yarjejeniya a takarda guda, mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida. Kowane keke kwana 14. Abin da ya lalace maigida zai gyara. Kullum za ta rubuta awa nawa ta zauna, ina ta je, minti nawa ta ɗauka, sau nawa aka taimaka mata. Safe da dare za ta duba fatarta da madubi. Duk tabon da bai baje ba bayan minti 30 da sauka daga keke, an dakatar da gwaji.

Kafin kowane keke, matashin zama. Shi ba a karɓa-karɓa da shi tsakanin mutane kamar keke, saboda fitsari da gumi, sai dai a gwada a asibiti da rufi mai tsabta. Mun gwada uku ta hanyar da ake koyarwa a horon Hukumar Lafiya ta Duniya: ma'aikaci ya cusa yatsunsa ƙarƙashin ƙashin zama, mutum ya zauna sosai. In yatsu suna iya motsi sama da ƙasa, lafiya. In ba sa motsi amma suna zamewa su fito, gargaɗi ne. In sun matse, haɗari. Soson katifa da mai kushin ya yanka ya matse mini yatsu gam. Matashin iska da aka aro ya fi kowanne sauƙi, amma sai an riƙa duba iskarsa kullum, ƙaya ɗaya kuma ta isa ta sace shi ba tare da ta ji ba. Na uku soso ne hawa biyu, mai tauri a ƙasa da aka fafe gurbin ƙashin zama, mai laushi a sama. Da farko ya ba da gargaɗi a hagu, wajen tsohon tabo. Na ƙara fafe santimita ɗaya, yatsu suka samu wurin motsi. Shi aka saya, da riga biyu marasa shan ruwa. Shi ne kaɗai abin da aka kashe wa kuɗi kafin gwaji.

Gwaji na farko, kwana 14: mai ƙafa uku na Motivation

A waje, wannan keke ba shi da na biyu. Babbar tayar gaba ɗaya tilo tana bin yashi ba ta nutsewa. Ran farko ta kai ƙofar makaranta cikin minti 19, ran goma cikin minti 13, ba wanda ya tura ta. Kwatar lungu ta tsallake ta a kan wani falankin da yara suka ɗora. Fata lafiya duk kwanakin, ana zama har awa shida.

Cikin gida labari ya sha bamban. Tsawonsa ya hana shi yin kwanar zaure. Sai ta yi gaba ta yi baya sau huɗu ko biyar, bango na cin gefen tayar, wani lokaci a ɗaga mata gaban. Ba ya matsowa kusa da bahon wanka, saboda doguwar sandar da ke riƙe da tayar gaba ta tokare. Sandar nan kuma tsakanin ƙafafu take bi, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Ga mai wando ba komai ba ne. Ga mace mai ɗaurin zani, duk hawa da sauka sai ta ɗaga ƙafa da hannu ta tsallakar, zani na buɗewa. Ta rubuta a littafin, ran shida: "Ba zan sauka daga wannan a gaban ɗalibaina ba." Ba ya naɗewa, sai dai a cire tayoyin baya, masu a-daidaita-sahu biyu cikin biyar ne suka yarda suka ɗauka. Matsakaicin neman taimako: sau biyar a rana, kusan duk a cikin gida.

Gwaji na biyu, kwana 4: na mai walda

A kan kwalta ya fi sauri nesa ba kusa ba, ga kwandon ɗaukar littattafai a baya, ga shi duk mai gyaran keke ya san kansa. Kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba. Amma ko zaure ba ya shiga, a waje yake kwana, wato sai an ɗauko ta a kai ta wurinsa. Mazauninsa katako ne mai tsayi. Da aka ɗora matashinta sai ta yi sama da yawa, kuma gefen katakon na gogar cinyarta duk juyin hannu. Sau biyu sarƙar ta kama bakin hijabinta. Da daren rana ta huɗu madubi ya nuna wani layi mai duhu a bayan cinyar dama, bayan awa guda yana nan. Aka tsaya.

Wannan keke an gina shi ne a kan jikin wanda shan-inna ya taɓa: ƙafa ba ƙarfi, amma fata tana ji, in wuri ya dame shi zai gyara zama. Mai ciwon laka ba shi da wannan ƙararrawar. Sai da muka jira kwana goma fatar ta koma daidai.

Gwaji na uku, kwana 21: mai ƙafa huɗu

Makon farko bai yi daɗi ba. Tafiyar makaranta minti 26, da hutawa sau uku, kafaɗu na ciwo da dare. Kwanar zaure kuwa sau ɗaya take yinta, kuma ya shige ƙofar ɗaki da ratar yatsu uku kowane gefe, in an taimaka mata a dokin ƙofa. Maigidan ya ce a mayar a ɗauko na gwajin farko, a fasa bangon zaure.

Ran takwas Anti ta zo da kanta. Kallo ɗaya ta yi ta ce tayoyin baya sun yi nisa. Ni ce na mayar da su ramin saiti na ƙarshe ta baya ranar da za a ba da aron, don tsoron kada ta kifa ta baya. Idan gindin tayar baya ya yi baya da yawa keke ba ya kifewa da sauƙi, amma nauyi na komawa kan ƙananan tayoyin gaba su nutse, hannu kuma sai ya miƙa baya kafin ya kamo taya, kafaɗa ta sha wahala. Aka matso da su gaba santimita 4. Sannan Anti ta ce, "Taso, 'yar uwa, yau za ki koyi ɗaga gaba." Maigida ya tsaya a baya riƙe da igiyar da aka ɗaura a jikin keken, ita kuma ta yi ta ɗaga tayoyin gaba tana saukewa a kan tabarma. Ta koya mata ɗaga jiki da jingina gaba don fata ta huta, da yadda za ta tattare hijabi ta cusa a bayanta. Kwana uku Anti na zuwa. Abin da ta koyar cikin kwana ukun nan, ni da takardata ban iya nuna shi ba, don ban taɓa rayuwa a kan keke ba.

Ran 14 tafiyar ta dawo minti 17. Ran nan ne ya kamata a mayar da keke, sai ga ruwan farko na Yuni ya sauka, lungu ya zama caɓi. Malama da kanta ta ce a roƙa mata ƙarin mako, tana so ta ga halinsa a damina. Anti ta yarda. A taɓo faffaɗan tayoyin gaba ba su kafe ba, sai dai hannuwanta da gefen zaninta suna ɓaci, birkin hagu kuma yana zamewa in taya ta jiƙe, sai da aka ƙara ɗaure shi. An yi faci sau ɗaya, mai facin bakin titi ya gama cikin minti goma. Masu a-daidaita-sahu biyar cikin biyar sun ɗauka, tunda naɗewa yake a sa shi a gefenta. Neman taimako ya sauko zuwa sau biyu a rana: dokin ƙofa da banɗaki. Ran 19 ta yi wa autanta wanka, baho a kan kujerar tsuguno biyu da aka haɗa.

Wata na 11 da na 12: zaɓi, magini, da daidaitawa

Muka zauna a tsakar gida da littafin a buɗe, aka kira yayanta a waya aka sa a lasifika. A nan ne ya fara jin gaskiyar abin da ya sami keken lantarki. Ya yi shiru, sannan ya ce a sayar a ƙara. An sayar wa wani mai gidan siminti da janareta a ƙasa da rabin kuɗinsa.

Ta zaɓi mai ƙafa huɗu. Na Anti ya ɗan yi mata faɗi, don haka aka yi odar wanda ya dace da ƙugunta, yadda tafin hannu zai shiga kowane gefe ba tare da matsi ba, da ratar yatsu biyu zuwa uku tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa. Ya ɗauki mako biyar kafin ya iso. Daidaita shi ya ci awa biyu da rabi.

Littafin ya nuna cewa abubuwa biyu da suka rage ba laifin keke ba ne. Babu keken babba a cikin ukun da zai shiga ƙofar santimita 58. Magini ya faɗaɗa ta zuwa 80, mai walda ya ƙera kujera mai rami a kan masai daidai tsayin keken, aka naɗe bakinta da soso da leda, aka kafa ƙarfen kamawa a bango. Dokin ƙofa kuma aka yi masa gangara bisa ƙa'idar ɗaya bisa goma sha biyu: tsayin santimita 12, tsawon gangara santimita 144. Buhun siminti biyu da rabi ya isa duka.

Wata na 13, 18 da 24: bibiya

Ta koma aji da buɗe sabuwar shekarar karatu a Satumba, shekara guda daidai bayan hatsarin. Barandar makarantar tana da matakala mai tsayin santimita 20. Dokar hana nuna wariya ga naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, amma gangarar da ke wurin yanzu iyayen yara ne suka yi karo-karo suka zuba. Rabin allo na sama ya fi ƙarfin hannunta, sai aka kafa mata wani ƙarami a ƙasa.

Wata na 18: fata lafiya, zama awa takwas zuwa tara a rana, an canja boris na tayar gaba ɗaya. Wata na 24: matashin ya fara kwanciya, gwajin yatsu ya ba da gargaɗi, aka sake sabo. Kafaɗar dama na ɗan damunta a ƙarshen mako, an ba ta motsa jiki. Gyambo bai dawo ba.

Abin da na fahimta

Kekuna biyun farko ba rowa ce ta kawo su ba, ba kuma rashin kulawa ba. Miji ya yi zarya, yaya ya zuba dukiya. Abin da suka haɗu a kai shi ne an zaɓa mata su a inda ba ta nan: ɗaya a filin rabo, ɗaya a allon waya. Wani bincike da Phillips da Zhao suka wallafa a 1993, kan manya 227 masu naƙasa a Amurka, ya gano an yi watsi da kashi 29.3 cikin ɗari na kayan taimakon da suka mallaka, kuma cikin manyan dalilai akwai rashin jin ra'ayin mai amfani wajen zaɓi, da kuma sauƙin samun kayan. Wannan na biyun yana ba mutane mamaki, amma keken rabo ya fassara mini shi: abin da ya zo a sauƙaƙe ba wanda ke tsayawa ya tambaya ko ya dace.

Da ni aka bar wa zaɓi a wata na tara, mai ƙafa uku zan rubuta, kuma zan kafa hujja da yashin lungu. A agogo shi ya ci: minti 13 da minti 17. Sai dai tafiyar makaranta sau biyu ce a rana, kwanar zaure da hawa da sauka kuwa sun fi sau goma. Maganar zani ba ta cikin kowace takardar awo da aka koya mini, kuma ba za ta fito a gwajin minti ashirin a barandar asibiti ba, inda daɓe sumul ne kuma marar lafiya na jin nauyin ma'aikaci. Sai da ta kwana da keken, ba mai kallonta, ta rubuta abin da ba za ta faɗa mini ido da ido ba.

Tsawon gwajin ma ya yi aiki ta fuska biyu. Kwana huɗu ya isa fata ta ƙi na mai walda, wanda a ran farko kowa ya yaba. Wanda aka saya kuwa, da an yanke hukunci a ran bakwai da an mayar da shi, saboda kuskurena na saitin taya da rashin horo. Gwada keke ba tare da mai daidaitawa da mai koyarwa ba zai iya sa a ƙi abin da ya dace. Ina kuma ganin gangancina ne na bari aka hau na mai walda ba tare da na je na duba mazaunin ba. Kwana goma na jira ni na jawo su.

Ba zan ce hanyar da muka bi tsari ba ce. Mako uku Anti ba ta da keken ko-ta-kwana. Da nata ya karye a lokacin, da ta kwanta a ɗaki saboda alherin da ta yi. Malama tana da albashi, da yaya mai hali, da ilimin cike littafi. Mafi yawan waɗanda ke zuwa sashenmu ba su da ko ɗaya daga ciki, samfurin da ke hannunmu kuma har yanzu guda ɗaya ne, mai faɗi ɗaya.

Ita Malama keke ɗaya gare ta, ba ta iya ba da aro. Amma ranar Asabar, in ta koma kan gado ta huta, takan bar matan da muka tura mata su hau su zagaya tsakar gida, su gwada kwanar zaure da gangarar ɗaki. Zuwa wata na 24 mata uku sun je. Ɗaya ta yi odar irinsa. Biyu sun ce ya matse musu ƙugu, suna jiran a sami mai faɗi su gwada.